Ƙusar da ke Narkewa a Hannun Baba

"Kada wanda ya kawo min ruwa! Na ce kada wanda ya matso da ruwa kusa da ni!"

Muryar Baba na fara ji tun daga bakin ƙofa. Na faɗa tsakar gida da gudu, jaka a hannu, gyale na jan ƙasa, sai na yi turus. Mahaifina ne zaune a kujerar roba, daga shi sai singileti da wandon aiki, ya cusa hannunsa na hagu har gwiwa cikin bokitin yashi. Yashin da muka ajiye don gyaran katanga. Umma na gefe da kofi a hannu tana sharar hawaye. Goggo kuwa, yayar Baba, ta ɗaure gyale a ƙugu kamar mai shirin dambe.

"Yauwa, ga uwar gayyar nan," in ji Goggo. "Zo ki ga abin da mai kwalabenki ya yi wa ƙanena."

"Baba, lafiya? Hannun ne ke ciwo?"

"Ba ya ciwo, Auta." Bai ko ɗago ya dube ni ba. "Tsaya daga nesa."

'Yan'uwa mata, bari in ja ku baya kaɗan, don kada ku ce gidanmu taɓin hankali ya shigo.

Baba mai walda ne. Shagonsa na manne da gidanmu, da ƙarar injinsa na girma, ita ce agogon tashina. Makonnin baya yana ɗora wa wasu rumfar ƙarfe tsani ya goce da shi, ya dafa ƙasa da hannun hagu, wani ƙashi ya karye a wuyan hannun. Likita ya ce sai an ɗaure ƙashin da ƙusa daga ciki, kuma iri biyu gare su. Akwai ta ƙarfen da aka saba, wadda wataƙila a sake buɗe wurin a ciro ta nan gaba. Akwai kuma sabuwa, wadda ke riƙe ƙashi har ya haɗe, sannan ta narke a hankali jiki ya shanye ta.

Baba ya tsani asibiti kamar me. Yana jin haka ya ce, "Wadda ba za a sake yanka ni ba, ita nake so."

To, wanda ke neman aurena a kamfanin da ke ƙera irin wannan ƙusar yake aiki. Injiniya muke ce masa. A shagon tabarau da nake aiki muka haɗu, ya kawo nasa da ya zauna a kai ya lanƙwashe. Aikinsa shi ne ya jiƙa ƙusoshin a kwalabe, ya riƙa auna yadda suke narkewa. Ranar da na yi wa Goggo wannan bayanin ta yi dariya har da riƙe ciki, daga nan ya zama mai kwalabe. Ita dai mai shagon tayoyi na layinsu take yi wa kamfe, wai shi aikinsa ana ganinsa da ido. Amma Baba ya riga ya ba Injiniya izini, ƙarshen makon nan ma manyansa za su zo neman aurena.

Ba Injiniya ya zaɓa wa Baba ƙusar ba. Baba ne ya tambaye shi a gadon asibiti, "Ka yarda da ita?" Ya ce, "Na yarda da ita, Baba." Iyakarta ke nan.

Sai yau da safe Baba ya ga wurin ya ɗan tasa, in an danna yana wani ƙuras-ƙuras kamar leda a ƙarƙashin fata. Maimakon a koma wurin likitan da ya yi aikin, Goggo ta ja shi wani ƙaramin wurin ɗaukar hoton ƙashi. Mai hoton ya ga baƙar inuwa zagaye da ƙusar, ya girgiza kai ya ce shi dai bai taɓa ganin irin wannan ba. Umma ta turo min hoton ina wurin aiki, ni kuma na tura wa Injiniya. Nan take ya amso:

"Ki kwantar da hankalinki. Baƙin nan iska ce. Ƙusar ta ƙarfen magnesiyam ce, idan ta fara narkewa takan fitar da iska, jiki kuma ya shanye ta. Amma dai ku kira likitan da ya yi aikin ya duba."

Na ji sanyi a raina. Na tura saƙon zuwa wayar Umma don su ma su ji sanyin. Goggo ta karɓe wayar ta karanta da ƙarfi, kalma ɗaya ta faɗa kunnen Baba, sai ga shi a bokitin yashi. Duk zaman da muka yi a asibiti ƙusa mai narkewa kowa ke cewa, sunan ƙarfen bai taɓa shiga kunnensa ba sai yau.

Na durƙusa daga inda ya ce in tsaya. "Baba, me magnesiyam ɗin ya yi?"

Ya gyara zama a kujerar. Da ya fara magana muryarsa ta sauka ƙasa sosai.

"Lokacin ina koyon aiki, aka kawo wa maigidana murfin injin yankan itace ya goge. Ƙarfe ne marar nauyi, ka ɗauka kamar kwali. Garinsa ya taru a ƙasan benci, tartsatsi ya faɗa kai. Auta, ban taɓa ganin wuta irin wannan ba. Fara fat, ido ba ya iya kallonta. Wani maƙwabci ya sheƙo da bokitin ruwa ya watsa." Ya ƙara cusa hannunsa cikin yashin. "Ruwan ne ya tayar da ita sama. Maigidana bai sake gani da idonsa ba har ya bar duniya. Yashi kaɗai ke kashe ta. Tun ranar ban bari an shigo min da ƙarfen nan shago ba. Yau ga shi a cikin ƙashina."

Wallahi duk dariyar da ta so taso min da na ga bokitin, nan take ta koma. Ban taɓa jin labarin nan ba. Umma ma daga yadda ta dafe baki na gane yau ta fara ji.

Na zaro waya a ɓoye cikin gyale na rubuta: "Ka zo gida yanzu. Komai ya lalace."

"Me ya faru? Yana zazzaɓi?"

"Ka zo kawai."

Ba a jima ba muka ji tsayuwar babur ɗinsa. Ya shigo da sallama, farar rigar aikinsa ma bai cire ba, hular kwano a hammata, tabarau ya zamo kan hanci saboda gumi. Ya durƙusa zai gaida Baba, idonsa ya sauka kan bokitin, gaisuwar ta maƙale masa.

"Bar gaisuwar," in ji Baba. "Tambaya zan yi maka, ka ba ni amsa kamar namiji. Ƙarfen da ke hannuna, shi ne mai cin farar wuta?"

"An gauraya shi da wasu abubuwa kaɗan, Baba, amma..."

"Shi ne ko ba shi ba ne?"

"Shi ne."

"Iskar da ke ciki fa, me sunanta?"

Na ƙifta masa ido. Na yi gyaran murya. Na taka masa gefen takalmi. Bawan Allahn nan ya gyara zaman tabarau ya ce, "Haidirojin ce, Baba."

"Tana kama wuta?"

"Tana kamawa, amma..."

"Kun ji ko!" Goggo ta tafa hannu. "Kun ji da bakinsa! Ya mayar min da ƙane tukunyar gas, yana tsaye yana ce mana amma!"

'Yan'uwa, duk wadda ke roƙon Allah ya ba ta miji mai gaskiya, ta ƙara da cewa wanda ya san lokacin da ake jan numfashi kafin a faɗe ta.

Baba ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da na fi tsoro a duniya. "Yaya ta samo wani asibiti, sun ce gobe za su ciro ta. Kai kuma ka gaya wa manyanka su dakata. Ba sai sun wahalar da kansu ba."

Na ja da baya. Na dafa igiyar shanya, kayan Umma da ke kai suka zubo min a ka, ban ma ji ba.

Injiniya bai yi musu ba. Ya ce, "Na ji, Baba. Amma ka ba ni izini in kira likitan da ya yi aikin, ka ji daga bakinsa." Ya kira, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji, ya ajiye ta a kan turmi.

Likitan ya saurara, sannan ya fara jero tambaya. Akwai zazzaɓi? Babu. Wurin ya yi ja, ko yana zafi in an taɓa? A'a. Ciwo ya ƙaru? Baba da kansa ya ce bai ƙaru ba.

"To, Baba, alamu sun nuna iskar ƙusar ce, muna ganin haka a wasu, kuma takan baje da kanta. Amma ku zo da safe in gani da idona. Abin da nake roƙonka, kada ka bari kowa ya taɓa ƙusar nan yanzu. Ƙashin bai gama haɗewa ba, ita ke riƙe da shi. In aka ciro ta zai goce, hannun na iya ƙin komawa daidai. Wai me nake ji ana cewa yashi?"

Duk muka juya muka kalli bokitin.

"Likita," in ji Baba, "ka taɓa ganin wutar ƙarfen nan da idonka?"

"Gaskiya ban taɓa ba."

"To ni na gani. Na gode." Ya yi wa Injiniya alama ya kashe wayar.

Goggo ta gyara ɗaurin gyalenta cike da nasara. Ni kuwa na manta da maganar tsayawa nesa. Na rarrafa har gabansa, na dafa gwiwarsa kamar yadda nake yi ina ƙarama.

"Baba, tun da aka yi aikin nan kake kwana kake tashi da ita, ba ta yi komai ba. Me kake tsoro yanzu?"

Ya dube ni, idanunsa sun kaɗa. "A ɗaki nake kwana, Auta. Gobe in na warke ina zan koma? Cikin tartsatsi nake yini. Mai walda da ke gudun tartsatsi, wa zai kawo masa aiki? In zauna Ummanku ta riƙa miƙo min abinci kamar baƙo? Gara su yanka, ko hannun ya karkace, in dai zan iya tsayawa gaban injina."

Nan na gane. Ba mutuwa yake tsoro ba. Shagon nan yake tsoron rasawa.

Injiniya ma ya gane. Ya laluba aljihun farar rigarsa ya fito da wata 'yar leda, a ciki akwai ƙusa ƙarama mai launin toka, ba ta kai rabin ashana ba. Samfur ce, irin wadda suke gwaji da ita.

"Umma, don Allah a taimaka min da kofin gilashi da ruwa, a zuba gishiri kaɗan."

"Ruwa?" Baba ya zabura. "Kai, ba ka ji abin da na ce ba?"

"Can ƙarshen gida zan kai, Baba. In wani abu zai faru, ni zai samu."

Ya ajiye kofin a kan dakali, ya jefa ƙusar ciki, ya tsuguna a gabansa. Goggo ta koma bayan ƙyauren kicin tana leƙe. Muka jira. Ba ƙara, ba hayaƙi. Can sai ga wasu 'yan kumfa ƙanana kamar kan allura sun fara taruwa a jikin ƙusar, ɗaya ta saki ta hau sama, wata ta biyo ta.

Ya ɗauko kofin ya taho a hankali, ya tsaya inda Baba zai iya gani. "Iskar ke nan duka, Baba. Haka take fita a hannunka, kaɗan-kaɗan, jini ya kwashe. In ta ɗan fi ƙarfin kwashewar sai ta taru, shi ne kumburin. Abin da ya kama a shagon maigidanka gari ne, busasshe, a sarari. Wannan dunƙule ce, a jiƙe, nama da fata sun rufe ta. Kafin zafin da zai kunna ta ya isa wurinta..."

"Hannun ya riga ya gasu," Baba ya ƙarasa masa.

"Ƙwarai, Baba."

"Ka iya lallashi, ba laifi," in ji Umma tana hararar sa cikin hawaye.

Baba ya kalli kofin, ya kalli kumfar, ya kau da kai. "Na san gari ya fi saurin kamawa. Kaina ya yarda. Jikina ne bai yarda ba."

Abin da Injiniya ya yi bayan nan, har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ya tsoma yatsu ya ciro ƙusar, ya ɗora a tafin hannunsa na dama, ya dunƙule. Ya naɗe hannun rigarsa har gwiwa.

"Na ga maratayin ƙofar shagonka ya ɓalle. Zo ka ɗana masa walda, ni zan riƙe maka ƙarfen da wannan hannun. Tawa fata ɗaya ce ta rufe ta, taka har da nama."

"Kai, kana da hankali kuwa?" na ce. Na manta gaban su Baba nake.

"Bar shi ya ƙone," in ji Goggo daga bayan ƙyaure. "Dogo, kada ka tashi!"

Dogo sunan Baba ne na yarinta, ita kaɗai ke kiransa da shi. Amma Dogo ya riga ya ƙura wa dunƙulen hannun nan ido. Ya zaro hannunsa daga yashi, Umma ta yi maza ta kaɗe masa, ta mayar masa da maɗaurin roba da asibiti suka ba shi. Ya nufi ƙaramar ƙofar da ke shiga shago, muka bi shi a baya kamar jela.

Tun faɗuwarsa ba a buɗe shagon ba. Ƙura ta rufe benci, warin ƙarfe da tsohon mai na nan yadda na san shi. Baba ya kunna injin, ƙugin nan ya cika wurin, na ga kafaɗunsa sun miƙe da kansu. Ya miƙa wa Injiniya baƙin tabarau ya ɗora kan nasa. Ya miƙa masa safar hannu, Injiniya ya sa a hagu kawai, ya danne maratayin da dunƙulen damansa tsirara.

"Ku juya baya," in ji Baba.

Na juya, amma ta gefen gyale ina ganin hasken yana tsalle a bango. Tsss! Tartsatsi ya watsu har ƙafata. Na ji ƙaurin gashin hannu. Na ciji yatsa ina kiran sunan Allah. Injiniya ko tari bai yi ba.

Injin ya mutu. Na juyo.

"Buɗe," in ji Baba.

Ya buɗe. Ƙusar na nan kwance a tafinsa, toka-toka, a jiƙe da gumi. Bayan hannun kuwa duk ɗige-ɗigen ƙuna ne.

"Kai mahaukaci ne," in ji Baba. "Wa ya ce maka ana riƙe ƙarfe ba safa?"

"Baba," na ce a hankali, "dubi hannunka."

Ya duba. Garkuwar da yake kare fuska da ita in yana walda irin ta riƙewa ce, kuma shekara da shekaru da hagu yake riƙe ta. Bai ma san ya ɗauka ba. Hannun da ya wuni yana ɓoyewa, shi ne ya fi kowane kusa da wutar, har tartsatsi ya yi wa maɗaurin robar 'yan huji baƙaƙe.

Baba ya juya hannun sama, ya juya ƙasa. Ya motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya zauna a kan benci ya fashe da wata irin dariya mai haɗe da kuka, Umma ta juya tana goge ido da bakin zane.

"Gobe wurin likitanmu za mu," ya ce da ya natsu. "Yaya, ki kira mutanen nan ki ce mun fasa."

"Ni ka mayar ƙaramar mutum ke nan, Dogo?"

"Ke babba ce har gobe. Ki dai kira su." Ya juyo ga Injiniya. "Kai kuma manyanka su zo yadda aka tsara. Auta, kai shi famfo ki sakar masa ruwa a hannun nan, kafin ya ce gidan surukai ake gasa mutane."

Surukai. Da kunnena na ji. Na sunkuyar da kai don kada Goggo ta ga haƙorana.

Muna bakin famfon tsakar gida, ruwa na zuba a hannunsa, ina tsaye gefe da man ƙuna da auduga.

"Da ta kama fa?" na ce ƙasa-ƙasa.

"Ba za ta kama ba. Aikina ne."

"To me ya sa ƙafarka ke rawa?"

"Goggo nake tsoro."

Na danne dariya da gyale. Daidai nan muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida, aka rufe murfi da ƙarfi. Sai wata ƙara, ƙwas, ƙwas, tana matsowa a hankali.

Mace ce ta yi sallama ta shigo. Doguwa, ba za ta girme ni da yawa ba, sanye da doguwar riga ruwan toka mai tsada, tana dogara sandar asibiti. Turarenta ya riga ta isowa. Ta gaida Umma da ladabi, ta gaida Baba da ya leƙo daga shago.

"Nan ne gidan mai walda? A kamfanin ƙusa aka ce min nan zan sami injiniyansu."

Ba ta jira amsa ba, idonta ya riga ya sauka a kan Injiniya. Ta ɗan ɗage bakin rigarta. Idon sawunta na dama a kumbure yake, an naɗe shi da bandeji.

"Ni ma ƙusarku ce a ƙafata, ka ce min narkewa za ta yi," ta ce. "Ka kuma ce kana tare da ni har ta narke. Sai ka daina ɗaga wayata."

Goggo ta fito daga kicin, ta jawo kujera da kanta ta ajiye wa baƙuwar. Ni kuwa fuskar Injiniya nake kallo, ina jiran ya ce bai san ta ba.

Ya zare hannunsa daga ƙarƙashin ruwan, ya miƙe tsaye, da wata murya da ban taɓa jin ya yi min magana da ita ba ya ce, "Yaushe kika dawo?"